Masu Ƙullin Zaren Jiki, da Zancen Maganin Tsufa

A hutun da ya wuce na tafi gida Suleja, unguwarmu Magajiya. Ran da na sauka na tarar da goggona zaune a tsakar gida tana kaɗi, ga wata 'yar kwalba kusa da ita cike da ƙwayoyi. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Goggo, jikin ne?" Ta ce, "Lafiyata ƙalau, ɗan nan. Maganin tsufa ne. Wani mai mota da lasifika ya kawo, ya ce Turawa suka gano shi." Na ɗauki kwalbar na karanta, sai na ga an rubuta wai ƙwayar tana ta da waɗansu abubuwa cikin jiki da ake kira sirtuwin. Kuɗin da ta biya kuwa ya isa hatsin mako biyu.

Da na komo makaranta na shiga bin diddigin maganar. Ina roƙon Edita ya ba ni fili in faɗa wa 'yan'uwana abin da na samo, gama duk garin da aka tura mu koyarwa, mu za a riƙa miƙa wa irin wannan kwalba a ce, "Malam, karanta mana."

Da fari sai mu san zaren. An gina jikin mutum da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna waɗanda ba su ganuwa sai da madubin likita, ana ce da kowane ɗaya sel. Cikin kusan kowane sel akwai wani zare siriri ƙwarai, sunansa DNA, a jikinsa aka rubuta dukan umurnin ginin jiki da haruffa iri 4 kaɗai. Haruffan da mutum ya gada wajen uwa sun kai miliyan dubu 3, wajen uba ma haka. Da za a warware zaren sel guda a miƙe shi, tsawonsa ya yi mita 2, watau kamar kamu huɗu. Yaya kamu huɗu zai shiga ɗakin da ido ba ya gani? Ta hanyar naɗi. An nannaɗe shi bisa waɗansu 'yan dunƙulen furotin da ake kira histon, kamar yadda masaƙi ke naɗa zare a kwarkwaro. Inda naɗin ya yi sako-sako sel yana iya karanta rubutun. Inda ya tsuke, rubutun a rufe yake.

Zaren nan kuwa ba ya samun hutu. Hasken rana na taɓa shi, hayaƙin taba na taɓa shi, har ƙonewar abinci cikin jiki ma tana barin abin da ke cinsa. Masana sun lissafa kowane sel yakan sami rauni a zarensa sau 10,000 ko fiye a yini guda. Yawancin raunin da sauƙin gyara, domin zaren tufka biyu ne, in ɗaya ta lalace sai a duba 'yar'uwarta a kwafa. Babbar masifa ita ce tufka biyun su tsinke wuri ɗaya. In ba a ƙulla da sauri ba, ko aka ƙulla wannan baki da wancan da ba nasa ba, sel ya mutu, ko ya gaji ya daina aiki, ko ya zama mafarin ciwon daji.

To, ina sirtuwin ya shigo? Labarinsa daga yis ya faro, yis ɗin nan da masu burodi ke sa wa ƙulli ya tashi. Yis sel guda ne, yana haihuwa ta hanyar tsiro. Uwa takan fid da 'ya'ya kamar 25, sa'an nan ta mutu. A wata babbar makaranta ta Amurka mai suna MIT, wani shaihun malami, Leonard Guarente, da almajiransa suka zauna da madubi da siririyar allura suna janye kowace 'ya suna ƙidaya, don su san shekarun uwar. Ku dubi wannan haƙuri! Cikin 1997 shi da David Sinclair suka gano wani yanki na zaren yis, inda rubutu ɗaya ya maimaitu fiye da sau 100, yakan ɓalle ya zama 'yan zobba, zobban su taru cikin uwar har su kashe ta. Cikin 1999 Guarente da waɗansu almajiransa suka nuna wani furotin mai suna Sir2 shi ke danne wannan yanki. In an cire shi ran uwar ya ragu da kusan rabi, in an ƙara shi ya ƙaru da wajen kashi 30 cikin 100. Daga sunan Sir2 aka samo kalmar sirtuwin.

Shekarar 2000 wani Bajapane a ɗakin binciken Guarente, Shin-ichiro Imai, ya gano yadda yake aikin. A jikin histon akan liƙa wata 'yar alama da ake kira asetil, ita ke sa naɗi ya saki. Sir2 yana cire ta, naɗin ya tsuke. Amma ba ya yi kyauta: duk alamar da ya cire sai ya ci ɗaya daga wani sinadari mai suna NAD, wanda jiki ke ƙerawa daga bitamin niyasin, kuma da shi sel ke juya abinci ya zama ƙarfi. Ashe mai tsaron zare da murhun sel a akushi ɗaya suke ci.

Mu mutane muna da sirtuwin iri 7, SIRT1 zuwa SIRT7. Na shidan shi ne abin zancena. Cikin 2006, a Harvard, Raul Mostoslavsky da Katrin Chua da abokan aikinsu suka samar da ɓerayen da ba su da SIRT6. Bayan mako biyu zuwa uku da haihuwa sai kitsen ƙarƙashin fatarsu ya zube, bayansu ya tanƙware, sukarin jininsu ya faɗi, suka mutu suna da kamar mako 4. Da aka duba zarensu aka tarar da karaya da ƙulli na kuskure da yawa. Cikin 2018 aka yi irin wannan a kan birai a ƙasar Sin, su ko yini ba su yi ba bayan haihuwa.

Wadda aikinta ya fi kama hankalina ita ce Vera Gorbunova, wadda ta yi karatu a Rasha da Isra'ila, ta shiga bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka tare da Andrei Seluanov. Cikin 2011 suka nuna in zare ya tsinke, SIRT6 yakan ruga wurin, ya ta da wani furotin mai suna PARP1, shi kuma ya kira masu ƙulli. Cikin 2014 suka gano yana da wani aiki na biyu. Akwai waɗansu guntayen rubutu a zarenmu da ake kira LINE1, sun cinye wajen kashi 17 cikin 100 na dukansa. Yawancinsu sun mutu, amma kaɗan suna iya kwafar kansu su faɗa wani wuri, su ɓata abin da suka tarar. SIRT6 na cikin masu tsare su a ƙulle. To, ga inda gizo ke saƙa: sa'ad da zare ya tsinke ya tafi gyara, sai ya bar bakin ƙofar. A cikin tsofaffin ɓeraye sun tarar ya ragu a wurin tsaron, guntayen nan kuma sun fara motsi.

Kamar a ce gari yana da dogari guda, shi ne mai gadin gidan yari, shi ne kuma mai kashe gobara. Muddin gobara jefi-jefi ce, ya kashe ya komo. Ran da ta zama ta kullum fa? A ganina wannan shi ne mafi daɗin fahimta cikin duk abin da na karanta. Amma kada mu ce shi kaɗai ne tsufa. Igiya ɗaya ce cikin igiyoyi da yawa.

Cikin 2019 suka tara dabbobi iri 18 na dangin ɓera da gafiya, daga mai shekara 3 har masu kai shekara 30, suka gwada gwanintar kowanne wajen gyaran zare. Gyaran ɓarnar hasken rana bai bi tsawon rai ba, ya bi yawan shiga rana ne. Amma ƙulla tsinkewar tufka biyu ta bi tsawon rai, kuma masu daɗewa SIRT6 nasu ya fi ƙarfi. Suka gwada na ɓera da na biba, wata dabba mai kama da ƙatuwar gafiya wadda ke tare rafi da itace a ƙasashen sanyi, takan wuce shekara 20. Furotin kamar tsakiya yake, an jera duwatsu fiye da 300. Duwatsu 5 kaɗai suka kawo bambancin ƙarfin. Da aka sa wa 'yan ƙudaje, masu na biba suka fi masu na ɓera daɗewa. A Isra'ila kuma Haim Cohen na Jami'ar Bar-Ilan ya ƙara wa ɓeraye SIRT6 cikin 2012, mazan suka ƙara rai da wajen kashi 15 cikin 100, matan ba su ƙara ba. Sai a 2021, da wani irin ɓeraye, matan ma suka ƙaru.

Yanzu mu komo kan kwalbar Goggo. Abin da ke cikinta sunansa resberatirol, ana samunsa a ɓawon inabi, da ɗan kaɗan a gyaɗa. Cikin 2003 aka ba da labarin yana ta da SIRT1, duniya ta ɗauka. Cikin 2008 kamfanin magani na GlaxoSmithKline ya sayi kamfanin Sirtris, mai wannan aiki, a kan dala miliyan 720. Kafin a jima waɗansu masana suka ce wata alama mai ƙyalli da aka liƙa wajen gwajin ita ta ruɗi awon, gardama ta kaure. Cikin 2010 aka tsai da gwajin maganin a kan marasa lafiya, cikin 2013 aka rufe ofishin Sirtris. Da Cibiyar Nazarin Tsufa ta Amurka ta ba lafiyayyun ɓeraye shi, ba su ƙara rai ba. Ku lura kuma, ɓerayen Cohen ba ƙwaya suka haɗiya ba, tun suna ƙwai aka sāke musu zare. Babu wani gwaji da ya nuna ƙwayar sirtuwin ta ƙara wa mutum kwana.

Niyasin da jiki ke bukata bai wuce miligiram 14 zuwa 16 a yini ba, yana nan cikin gyaɗa da kifi da hanta da nama. Sai dai a yi hattara da gyaɗa da masara masu fumfuna, gama gubarsu tana liƙewa jikin zaren hanta, tana kawo ciwon daji.

Na kira Goggo a waya na tsara mata duk wannan, tun daga yis har ɓerayen Isra'ila. Ta saurara har na ƙare, sa'an nan ta ce, "Watau dai ɓera aka yi wa?" Na ce, "I, Goggo, shi ma ba da ƙwaya ba." Ta ce, "To, sauran da ke kwalbar zan zuba a rumbu, su da aka yi dominsu. Kai kuwa in za ka zo ka taho mini da ƙuliƙuli."