Injin Dizal Mai Riƙe Zafi da Hayaƙin Man Tsirrai

Sanannen abu ne a wurin masana injuna cewa idan aka kasa ƙarfin man da injin dizal ke sha kashi uku, kusan sulusi kaɗai ke zama aiki, sulusi ya bi salansa, saura kuwa ruwan lagireto ya kwashe shi a banza. Wannan hasara ce ta sa a shekarun 1970 kamfanin Cummins da rundunar sojan Amurka suka himmatu ga ƙera injin da zai riƙe zafinsa, har masana suka kai ga dabarar shafe kan fistin da murfin silinda da wani irin tangaran mai suna zirkoniya, wanda galibi kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, amma zafi ba ya ratsa shi sai da ƙyar.

Burinsu bai cika yadda suka so ba, domin baƙin mai ba ya jure wannan zafi, shafin kuma yakan tsage. Sai dai aikin bai tafi a banza ba, gama masu bincike, musamman na ƙasar Indiya, sun lura cewa irin wannan inji ya dace da man tsirrai. Zuba wa inji man tsirrai kuwa ba bidi'a ba ce, tun a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa a bajekolin Faris. Illar man tsirrai ita ce kauri, wanda ke hana nozul fesa shi sosai. Shi ya sa ake haɗa shi da sinadarin metanol da soda a raba shi da gilisarin, ko na bini-da-zugu ne ko na waken soya, kafin a zuba a tanki.

To, da yake kusan ushirin nauyin wannan mai iskar oksijin ce, in ya faɗa cikin silinda mai tsananin zafi sai ya ƙone ƙurmus, baƙin hayaƙi ya ragu, iskar nan mai kisa da ake kira kabon monoksaid ita ma ta ja baya. Ko a injin da ba a shafe ba, hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana a 2002 cewa tsantsar man yana rage ƙurar hayaƙi da kusan rabi.

Amma fa a nan mas'alar take, kuma a ganina nan ne masu yabon man tsirrai suke gaggawar yanke hukunci. Iskar naitirojin, wadda ita ce mafi rinjaye a cikin iskar da muke shaƙa, ba ta cuɗanya da oksijin sai zafi ya kai wajen digiri 1,500. Da zarar ya kai kuwa, sai su haifi wata iska da ke ƙona huhu, ta tayar wa mai asma ciwonsa, alhali bakanike na tsaye bayan salansa yana murna hayaƙi ya washe. Hukumar nan ta Amurka ta ce tsantsar man yana ƙara wannan iska da kashi 10 cikin ɗari, injin da aka shafe kuwa, da yake ya fi zafi, yakan zarce haka.

Magani akwai, amma kowanne da farashinsa. In an jinkirta fesa mai, ko aka mayar da wani kaso na hayaƙin cikin silinda don wutar ta lafa, baƙin hayaƙi yakan fara dawowa. In kuwa ruwan yuriya za a riƙa fesawa cikin salansa, kamar yadda manyan motocin Turai ke yi, to mai mota ya sami tanki na biyu da zai riƙa cikawa.