"Loud" ba wiwin da iyaye suka sani ba ne

Kwanakin baya wata Hajiya ta shigo kantinmu na magani a Agege, ta ce in ba ta maganin amai mai ƙarfi. Ɗanta ɗan shekara 19 ya kusa mako biyu yana amai. An yi maganin taifod, an yi na maleriya, shiru. Na tambaye ta ko akwai abin da yake kawo masa sauƙi. Ta ce, "Wallahi 'yata, sai dai wanka da ruwan zafi. A wuni sai ya shiga banɗaki sau biyar." Jin haka na ja ta gefe, na tambaye ta ko yaron yana shan wiwi. Ta daɗe ba ta amsa ba, sannan ta ce mahaifinsa ya sani, amma ya ce ai a zamaninsu ma samari sun sha, kuma ba su haukace ba.

Alhaji bai yi ƙarya ba, sai dai abin da ake busawa yau daban yake da na zamaninsu.

Duk wanda ya san noma ya san yadda ake haɗa irin masara biyu a samu wadda ta fi yabanya. Haka aka yi wa wiwi. A shekarun 1970, wasu masu noman ta a Kalifoniya ta Amurka suka haɗa gajeren iri na Afganistan da dogayen iri na Kolombiya da Meziko. Abin da ya fito suka sa masa suna Skunk, sunan wata dabba mai ɗan karen wari. Daga baya irin ya isa Holan, aka ci gaba da haɗe-haɗe, kowane sabon iri ana neman ya fi na baya bugarwa. Wanda samarinmu suke kira "Loud" daga irin waɗannan haɗe-haɗen ya fito, kuma ƙarfin warinsa ne ya jawo masa sunan.

Yadda ake noman sa ma ya sha bamban da gonakin da hukumar NDLEA take ƙonawa a dazukan Ondo da Edo. A can ƙasashen waje cikin ɗaki ake rainon sa a ƙarƙashin fitilu, ana ware macen shukar daga namijin don kada ta yi 'ya'ya, sai ta tara ƙarfinta a danƙon da ke jikin furen. Kanada ta halatta wiwi a 2018, kuma NDLEA ta sha kama "Canadian Loud" a tashoshin jiragen ruwa na Legas, an ɓoye shi cikin kwantenar motocin gwanjo. A nan Nijeriya kuwa, noma da sayarwa da mallaka duk laifi ne mai ɗauri.

Sinadarin da ke bugarwa a cikin wiwi sunansa THC. A Amurka, inda ake auna wiwin da aka kama, THC ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014, wasu irin na yanzu har sun haura kashi 20. A lokaci guda kuma ɗan'uwansa CBD, wanda ake ganin yana rage kaifin THC, ya ja baya. Wato an ƙara wa motar gudu, an rage mata birki.

Jan ido, bushewar baki, bugun zuciya da sauri da cin abinci kamar gara, duk tsoffin alamomi ne. Abin da ya fi damuna shi ne ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka wallafa a 2015 a kan mutanen kudancin Landan ya gano cewa masu shan irin Skunk kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba har sau biyar wajen haɗarin taɓin hankali. Yakan fara da zargi: ana magana a kansa, an sa masa wani abu a abinci. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai kusan shekara 25, shi ya sa wanda ya fara tun yana sakandare ya fi saurin kamuwa. Kusan ɗaya cikin shida na irin waɗannan kan kasa dainawa. Aman ɗan Hajiya kuwa sananniyar cuta ce ta masu yawan sha na tsawon lokaci. Ruwan zafi yana lafar da ita na ɗan lokaci, amma ba ta tafiya sai an daina.

Kada kuma a haɗa Loud da "Colos". Shi sau da yawa ganye ne kawai aka fesa wa sinadarin da aka harhaɗa, yana iya jawo jijjiga ko suma nan take. Iyaye mata su kula da kek da biskit da samari ke shigowa da su gida. Wanda aka kwaɓa da wiwi yakan kai awa ɗaya ko biyu kafin ya yi aiki, kuma ƙanne ƙanana ba sa tambaya kafin su kai baki.

Binciken ƙasa na 2018, wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnati, ya ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya sun kai miliyan 10.6. Don haka ba gidanku kaɗai ba ne, kunya kada ta hana ku magana. Roƙona shi ne kada a kai yaro inda za a sa masa mari, kada kuma a sayo masa maganin barci a kemis ba da takardar likita ba, domin wata jarabar za a ɗora masa. Wanda ya daina yakan yi mako ɗaya zuwa biyu yana fama da rashin barci da saurin fushi da rashin cin abinci. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba da Aro ta Abeokuta suna duba masu wannan matsala, NDLEA kuma tana da layin neman shawara kyauta, 0800 1020 3040.

Ban sayar wa Hajiya maganin aman ba. Na ce ta kai shi asibiti a ranar saboda ruwan jikinsa ya yi ƙasa, kuma ta faɗa wa likita gaskiya. Bayan mako uku ta leƙo, ta ce aman ya tsaya, amma barci ya ƙi. Maganar zuwa Yaba kuwa, har yanzu tana lallaɓa Alhaji.