Mariƙin Igiyar Jirgi: Ƙaramin Abu Mai Tsare Rai

Mutumin da ya tashi a Kafanchan ya san jirgin ƙasa tun yana goye, domin tun 1927 garin ya zama mahaɗar hanyar dogo da ta taso daga Fatakwal, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Ruwan da ya sani shi ne na Matsirga mai zubowa daga kan dutse. Amma in neman abinci ya kawo shi Ikko, sai ya ga ƙananan jiragen ruwa masu filafilai suna tsere, babu inji sai iska. Kulob ɗin masu wannan wasa, watau Lagos Yacht Club, an kafa shi a 1932. To, ɗan'uwa, in Allah ya sa ka sami aiki a irin wannan jirgi, ga abin da ya kamata ka fara sani.

Ƙaramin jirgi irin GP14, wanda Jack Holt ya zana a Ingila a 1949, tsawonsa ƙafa 14 ne, kuma da filafilai biyu yake tafiya: babba a baya, ƙarami a gaba. Na gaban yana da igiya biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowace takan bi ta cikin wani zobe, sa'an nan ta shiga mariƙi, wanda ke riƙe ta don hannu ya huta.

Wanda ya taɓa ɗaure buhunan citta a kan mota daga Kwoi ko Kachia ya san ɗaurin kirki shi ne wanda ba ya kwancewa. A jirgi kuwa, mariƙin kirki shi ne wanda ke sakin igiya nan take. In guguwar farkon damina ta taso igiya ta ƙi fita, iska za ta cika filafili ta kifar da jirgi.

Mariƙi iri uku ne. Akwai mai ƙaho biyu, wanda ake naɗa masa igiya. Yana da ƙarfi, amma kwance shi na ɗaukar lokaci, saboda haka bai dace da wannan aiki ba. Akwai mai tsaga, wanda igiya ke cusuwa a cikinsa. Yana da araha, sai dai in iska ta yi nauyi fitar da igiyar sai da kokawa. Na uku shi ne mai haƙora biyu masu buɗewa da rufewa. Ka ja igiya ƙasa ya kama, ka fizge ta sama ya saki. Shi ne ya fi.

Wajen saye, tafi da guntun igiyarka ka gwada. Irin waɗannan jirage sukan yi amfani da mai kaurin milimita 6 zuwa 8. In ta yi siriri sai ta zame, in ta yi kauri ba za ta zauna ba.

Wajen kafawa, kada ka huda jirgi tukuna. Zauna a gefen da za ka zauna in ana tafiya, ka jingina baya, wani ya riƙe maka mariƙin, ka ja ka saki. In fitar da igiya ya yi wuya, ko shigar da ita, sa ɗan katako mai gangare a ƙarƙashinsa har ya daidaita da hannunka. Lalle mariƙi ya kasance a kan layi ɗaya da zobe. Ɗaure shi da ƙusa mai noti wadda ba ta tsatsa, ka sa wasa a baya.

Bayan kowace fita, wanke shi da ruwan famfo, don gishiri da yashi na sa haƙoran su sandare. In sun cinye, canza shi. Ranar da iska ta yi ƙarfi kuwa, riƙe igiyar a hannu, kuma kada ka shiga ruwa ba rigar ceto, ko da ka iya iyo. Rigakafi ya fi magani, kuma akwai masu jiran saƙonka a gida. Allah ya kiyaye mu.