Kwamfuta Wakiliya: Ire-irenta da Amfaninta

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayani a kan abin da Turawa ke kira furoksi, watau kwamfutar da ke tsayawa tsakanin mai neman shafi a intanet da kwamfutar da ke ajiye da shafin. Aikinta ya yi kama da na dillali a kasuwa, kuma kamar dillalin, ana gane irinta ne idan aka san wanda take wakilta.

Iri na farko ita ce wakiliyar mai nema. Makarantu da ma'aikatu kan kafa ta domin duk buƙatun mutanensu su bi ta ƙofa ɗaya. Takan ajiye kwafin shafin da aka ɗauko, ta miƙa wa mai nema na gaba, ba sai an sake komawa nesa ba. Wannan aiki ne ya ɗaukaka manhajar Squid, wadda ta fito a 1996, lokacin da hanyar intanet ke da tsada da nawa. Amma tun da yawancin shafuka suka koma tsarin HTTPS, wanda ke kulle saƙo, amfanin ajiyar ya ragu ƙwarai, don kuwa wakiliya ba ta iya ajiye abin da ba ta gani. Tace shafuka shi ne babban aikinta yanzu.

Iri na biyu ita ce wakiliyar mai shafi. Takan karɓi baƙi, ta rarraba su ga kwamfutoci da yawa don kada nauyi ya danne ɗaya, ta kuma kare su daga hari. Nginx, wadda Igor Sysoev ya fitar a Rasha a 2004, ita ce sanannen misali.

Sai kuma wadda ake shiga don ɓoye adireshi ko tsallake shinge. Tsarin Tor kan bi da saƙo ta kwamfutoci uku, yadda babu ɗayansu da ta san mafari da makoma gaba ɗaya. Sa'ad da gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, jama'a da dama sun koma ga VPN, ɗan'uwan wakiliya. A ganina, nan ne ya kamata a lura sosai. Mai wakiliya yana sane da duk inda ka ziyarta, idan kuma saƙon ba a kulle yake ba, yana iya karanta shi har ya sauya shi. Wadda aka ba da kyauta ma kuɗi ake kashewa kafin ta yi aiki, kuma sau da yawa da sayar da bayanan masu shigarta ake mai da kuɗin.