Jakar Ruwa a Cikin Ciki: Maganinta Tiyata, Ba Sakiya Ba



A ƙauyukanmu, idan cikin babban mutum ya fara kumbura a hankali, magana takan yi yawa. Idan mace ce, sai a ce ciki ne ya kwanta. Idan namiji ne, a ce jifa ne ko sammu. Kafin a tuna da asibiti, an sayar da akuya an biya mai magani, wanzami kuma ya yi tsaga. A wannan fitowa muna so mu yi bayanin wani irin kumburi da tiyata take warkarwa.

Mene ne wannan ciwo?

Ban da jijiyoyin jini, Allah ya sa wasu siraran hanyoyi a jikinmu masu kwashe ruwa daga tsoka su mayar cikin jini. Kaluluwar da takan fito a hammata ko a matsematsi tana kan waɗannan hanyoyi ne. A cikin ciki kuwa, suna bi ta shimfiɗar nan mai kitse da take riƙe da hanji. Duk wanda ya taɓa gyara kayan cikin akuya ya san ta.

Wani lokaci waɗannan hanyoyi ba sa haɗuwa daidai tun mutum yana cikin mahaifiyarsa. Sai ruwa ya rasa mafita, ya taru ya zama jaka. Ruwan yakan zama garau, ko fari kamar madara. An fi ganin irin wannan jaka a wuya ko hammatar yara. A cikin babba ba ta da yawa, amma tana faruwa. Ba ciwon daji ba ce, ba a ɗaukarta daga wani, ba kuma hukuncin zunubi ba ce.

Alamu

Wani yakan yi shekaru bai san da ita ba. Idan ta girma, sai ciki ya yi nauyi, mutum ya ƙoshi da ɗan abinci kaɗan, ko ya ji wani ƙullutu yana motsi idan ya taɓa. Amma ciwon hanta, tarin fuka na ciki, ƙarin mahaifa da ciwon daji, duk suna kumbura ciki. Ido ba ya iya bambanta su. Sai an ɗauki hoton ciki da ake kira sikanin.

Idan ciki ya murɗa da tsanani, ga amai, ga zazzaɓi, ko kuwa bayan gida da tusa sun tsaya, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Mai yiwuwa jakar ta fashe, ko ta murɗe hanji ta tare masa jini. Jinkiri a nan yana kashewa.

Me ya sa ba a tsiyaye ruwan kawai?

Domin bangon jakar yana nan, hanyoyin da suke cika ta ma suna nan. Kamar rijiya ce: ko an kwashe ruwanta, za ta sāke kawowa. Sakiya kuma tana iya huda hanji ko ta shigar da ƙwayoyin cuta. Maganin shi ne a cire jakar ɗungum. Wannan ba sabon aiki ba ne. Tun 1880 wani likitan Faransa mai suna Tillaux ya yi nasarar cire jakar ruwa daga shimfiɗar hanji.

Yadda ake aikin

Za a gwada jini, a hana mara lafiya abinci na wasu awoyi, sa'an nan a sa shi barci yadda ba zai ji zafi ba. Likita zai buɗe cikin, ko ya shiga ta ƙananan ƙofofi da kyamara a inda akwai kayan aikin. Idan jakar ta manne wa hanji, akan yanke wannan gefen a ɗinke sauran. Kada wannan ya tsorata mu: hanji dogo ne, saura zai ci gaba da aikinsa. Bayan haka akan aika jakar ɗakin gwaji a tabbatar da irinta. Kada mu bar sakamakon a asibiti. Idan an cire ta duka, da wuya ta dawo. Idan wani ɓangare ya saura, sai a riƙa komawa ana dubawa.

Aikinmu a ikilisiya

Mu daina yaɗa maganar sammu a kan mai kumburin ciki. Dattawa su raka shi asibiti da wuri. A tara gudummawar kuɗin mota da na aiki. Matasa masu lafiya su shirya ba da jini idan an nema. Bayan sallama, wajen mako 6 ba noma, ba daka, ba ɗaukar tulu, sai likita ya yarda. Zumuntar mata da matasa su karɓi waɗannan ayyuka.

Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Mu yi addu'a, mu kuma kai ɗan'uwanmu inda za a duba shi. A karanta wannan a majami'a, a kuma tambayi juna: wa muka sani da cikinsa ya daɗe a kumbure, wa kuma zai raka shi a wannan mako?