Amsar Wasiƙunku: Ko Ƙiba Alamar Ƙarfin Haihuwa Ce?

 Wani mai sayar da hatsi daga wajen Funtuwa ya aiko mana da wasiƙa. Ya ce shekara 6 ke nan da aurensa ba haihuwa, dangi sun dame shi ya saki matar, wai shi ƙato ne mai jiki, matsalar ba za ta zama tasa ba. Yana tambaya ko gaskiyarsu.

To malam, ba gaskiyarsu ba. Ka dubi gyaɗa: mai na cikinta, amma ba ya fitowa sai an soya, an niƙa, an matse. Haka kitse yake a jikin mutum. Ba ya amfani sai wasu sinadarai da likitoci ke kira inzayim sun sarrafa shi. Su ne masu niƙa da matsa a cikin jiki.

A 'ya'yan maraina aikinsu babba ne. Su ke ɗaukar wani irin kitse mai suna kolestarol su mai da shi testostiron, wato sinadarin mazakuta, wanda in ba shi ba a ƙera ƙwayoyin maniyyi. A shekarar 2000 masana a Japan suka samar da ɓeraye waɗanda ba su da ɗaya daga cikin sinadaran nan masu fasa kitse. Mazan suka girma, suna barbara, amma ba ciki, don ƙwayoyinsu ba su nuna ba. Mutum ma yana da wannan sinadari a marainansa. Ka ga ke nan iya kwanciyar aure daban, iya haihuwa daban.

Sannan fatar ƙwayar maniyyi da kitse aka gina ta, musamman irin wanda ake samu a kifi. Shi ke sa ta yi laushi, ta iya iyo har ta kai ga ƙwan mace.

Amma fa in kitse ya taru a tumbi, labari ya sauya. A cikinsa akwai wani inzayim da ke juya sinadarin mazakuta ya koma na mata. Ƙibar cinyoyi kuma tana ɗumama maraina, alhali sun fi son sanyi kaɗan fiye da sauran jiki.

Saboda haka shawarata, kafin ka taɓa igiyar aurenka, ka je babban asibiti a auna maniyyinka, ita ma uwargida a duba ta. A wajen rabin ma'auratan da ba su haihu ba, akwai matsala ta ɓangaren miji. Ka rage soye-soye da lemon kwalba, ka bar taba in kana sha, ka riƙa cin kifi da ganye, ka kuma motsa jiki. Kada ka yarda a yi maka allurar testostiron a kemis, don ita rage ƙwayoyin take yi.

Sai ka haɗa da haƙuri. Ƙwayar maniyyi na ɗaukar kwana kusan 74 kafin ta nuna, kamar geron da aka shuka. Gyaran da ka fara yau, sai bayan wata 3 awo zai nuna shi.

Allah ya ba ku zuri'a mai albarka. Sai mako mai zuwa.