Gansakukar Canaletto

Duk mutumin N'Djamena da ya ga ambaliyar 2022 a unguwar Walia ya san cewa ruwa ba ya tafiya sai ya bar shaida. Kogin Shari da Logon sun janye, amma layin ya tsaya a jikin katanga, ana nuna wa baƙo da yatsa: nan ya kawo. Irin wannan layin ne ya mayar da wani mai zane na Italiya shaidan masana kimiyya, shekara fiye da 200 bayan rasuwarsa.

Sunansa Canaletto, haifaffen birnin Venis a 1697, birnin da titunansa ruwa ne, motocinsa kwale-kwale. Attajiran Ingila suna rububin zane-zanensa saboda kyan fadoji da hasken rana a kan ruwa. Shi kuwa mutum ne da ba ya tsallake komai. Yana amfani da wani akwati mai duhu da madubi, wanda ke jefa siffar gini a kan takarda, ya bi ta layi bayan layi. A ƙasan kowane bango, daidai inda ruwan teku ke hawa yana sauka kullum, gansakuka kan yi ɗamara mai duhu-duhu. Wani mai zanen zai share wannan dauɗa don ya faranta wa mai saye rai. Canaletto ya zana ta yadda ya gan ta.

An fara auna ruwan Venis da ma'auni ne a 1872. Sai wani masani na birnin Padua, Dario Camuffo, da abokin aikinsa Giovanni Sturaro suka ɗauki zanen Canaletto da na ɗan 'yar'uwarsa Bernardo Bellotto, suka nemo gine-ginen da ba a taɓa su ba, suka gwada inda gansakukar take a zane da inda take yau. Sakamakon da suka fitar a 2003 ya nuna ruwa ya ci kimanin santimita 60 na birnin tun zamanin mai zanen. Teku ta ƙaru, ƙasa kuma ta lotsa, musamman bayan masana'antun Marghera sun yi ta zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa a ƙarni na 20.

A ganina, wannan gaskiyar hannu ta fi kyan zanen daraja. Jama'ar N'Djamena, duk mai tsohon hoton bakin Shari ko na gidansa lokacin ambaliya, ya rubuta shekara da unguwa a bayansa, ya adana shi.